Yadda Ake Faɗaɗa Aksul Mai Roba Domin Ya Hau Babban Shasin Tirela

Da yawa daga cikin ƙananan tirelolin da ake jan janareta, tankin ruwa, dawaki ko injin iska na masu haƙar rijiyar burtsatse da su a cikin Kano ba sifirin ba ne a ƙarƙashinsu, aksul ne mai roba a ciki. Galibinsu na Beljiyam ne, wato tsofaffi da aka shigo da su daga waje, akan ci karo da su a wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa da kayan mota kamar na Ƙofar Ruwa, kuma kowanne an ƙera shi ne daidai faɗin shasin da ya zo da shi. Idan mai walda ya haɗa sabon shasi da ya fi na asali faɗi, sai a tarar biraket ɗin aksul, wato ƙarafan da ake ɗaure shi da su a shasi, ba su kai inda ƙarafan shasin suke ba, ko kuma taya tana gugar jikin bodi. A nan ne ake fara maganar yanka aksul a ƙara masa tsawo. Aikin yana yiwuwa, amma nasararsa ta rataya ne a kan abu biyu: sanin inda roba ta ƙare a cikin bututun, da kuma kiyaye saitin tayoyin tun kafin a sa masa abin yanka.

Abin da ke cikin bututun

Daga waje bututun ƙarfe ne kawai ake gani, da hannu ɗaya a kowane gefe wanda ya miƙa baya yana ɗauke da hob, wato ƙarfen da ake ɗaura wili a kansa, da taya. A ciki kuwa, kowane hannu yana manne da wata sandar ƙarfe da ta shiga bututun, an kuma cusa dogayen robobi tsakanin sandar da bangon bututun. Idan taya ta hau tudu, hannun yakan ɗaga, sandar ta juya, ta matse robobin, su kuma su mayar da ita. Robar ce sifirin, ita ce kuma mai shanye girgiza. A irin na kamfanin Dexter na Amurka, wanda ake kira Torflex, bututun mai kusurwa 4 ne, robobin ma 4 ne, kowace a lungu ɗaya. A irin na AL-KO na Jamus bututun mai kusurwa 6 ne, sandar ciki mai fuska 3, robobin 3. A matse ake cusa su da injin masana'anta, wasu masana'antun ma sai sun daskarar da robar ta tsuke kafin ta shiga, shi ya sa babu garejin da zai iya zare ta ya mayar da sabuwa. Robar da ta ƙone ta ƙone ke nan, aksul ɗin kuma ya zama kayan awo.

Sandar hagu da ta dama ba su haɗu ba. Kowace ta shiga ne zuwa wani ɗan nisa ta tsaya, tsakiyar bututun kuwa fanko ce, kuma wannan fankon shi kaɗai ne wurin da za a iya yanka a yi walda. Ya kamata mai aikin da mai tirelar su sani tun farko cewa kamfanonin ba su yarda da wannan gyara ba. Dexter ya rubuta ƙarara a littafin kula da kayansa cewa kada a yi walda a jikin bututun Torflex saboda zafi yana lalata robobin. Duk wanda ya yanka, alhakin ƙarfin aksul ɗin ya dawo wuyansa, don haka idan tirelar za ta riƙa ɗaukar dabbobi masu tsada ko yin doguwar tafiya da gudu a hanyar Zariya ko ta Katsina, a ganina sayen aksul mai faɗin da ya dace ya fi, ko da za a jira shi.

Duba lafiyarsa kafin a ɓata sandar walda

A fara da farantin bayani da ke jikin bututun, wanda ke nuna nauyin da aka yarda ya ɗauka, misali kilo 750, 1,300 ko 1,500 a na Turai, ko fam 3,500 a na Amurka, wanda ya kama kusan kilo 1,590. Faɗaɗawa ba ta ƙara ko kilo ɗaya a kan wannan adadi, domin robar da boris ɗin ba su canja ba. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, saboda babban shasi ya fi nauyi, kuma faɗinsa yana jan mai shi ya ƙara lodi. A haɗa nauyin sabon shasi da bodi da kayan da za a riƙa ɗorawa, idan jimillar ta wuce abin da ke kan farantin, a ajiye maganar yanka, a nemi babban aksul ko a yi guda biyu. A Turai ƙa'ida ce tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birki, kuma ma'auni ne mai kyau ga mai jan tirela a cunkoson Kano.

Sannan a duba robar. A ajiye aksul a wuri mai lebur a dubi hannuwan biyu, dole ne su kasance a kusurwa ɗaya. Idan ɗaya ya fi ɗaya ɗagowa, robar wannan gefen ta gaji. Idan har yanzu yana jikin tsohuwar tirela, a ɗaga shasin da jak a lura ko tayar tana saukowa kaɗan yayin da nauyi ya bar ta, wadda ba ta motsa ba robarta ta sandare. A girgiza hannun ciki da waje, kada a ji lako-lako. A duba tsatsa a ƙarƙashin bututun da gindin biraket, a kuma juya hob a saurari boris.

Akwai hanyoyi biyu da ake yi wa kallon sauƙi, kuma duka biyun ba na ba da shawararsu. Ta farko ita ce cire biraket a sake walda su inda shasi yake, alhali biraket ɗin suna zaune ne daidai kan wurin da roba take, wato wurin da wuta ba ta da hurumin zuwa. Ta biyu ita ce sa zoben ƙarfe mai kauri tsakanin hob da wili domin a turo taya waje. Wannan yana ƙara nisan da ke tsakanin biraket da tsakiyar taya, kuma nisan nan shi ne ke ƙayyade ƙarfin da ke neman lanƙwasa bututun. Idan nisan milimita 225 ne aka ƙara 50, an ƙara wa bututu da boris wahala da fiye da kashi 20 cikin 100. Idan bambancin faɗin ƙanƙani ne, kamar milimita 40 ko 60 gaba ɗaya, gara a bar aksul ɗin yadda yake, a walda farantin ƙarfe mai kauri da 'yan tokare a cikin shasin domin ya tarar da biraket, muddin taya tana da sarari tsakaninta da bodi.

Awo

Awo uku ake buƙata, kuma a rubuta su a takarda, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. Na farko daga wajen biraket zuwa wajen ɗaya biraket ɗin. Na biyu daga fuskar hob, wato inda wili yake zama, zuwa fuskar ɗaya hob ɗin. Na uku faɗin sabon shasi daga waje zuwa waje, a daidai wurin da aksul zai zauna, domin shasin da aka haɗa da hannu yakan bambanta tsakanin gaba da baya. Mu ɗauka biraket zuwa biraket milimita 1,200 ne, hob zuwa hob 1,650, sabon shasi kuma 1,500. Abin da za a ƙara 300 ne, hob zuwa hob zai koma 1,950, nisan kowane hob daga biraket ɗinsa kuwa yana nan a 225. Amfanin yanka a tsakiya ke nan: kowane rabi yana tafiya da biraket ɗinsa da robarsa da hannunsa yadda masana'anta ta saita su.

Sai awon saiti, wanda yawancin masu aikin suke tsallakewa, daga baya su rasa dalilin da tirela ke cin taya ta gefe ɗaya. Sabon aksul ba miƙaƙƙe ba ne sak. A da yawansu an ɗan tanƙwara tsakiyar bututun sama da gangan, ta yadda kan tayoyin zai ɗan buɗe waje idan babu kaya, ya daidaita idan an yi lodi, kuma akan sa gaban tayoyin ya ɗan dubi juna. Domin a kama wannan, a sami miƙaƙƙun sandunan ƙarfe biyu masu tsawon milimita 600, a ɗaure kowace a fuskar hob da notin wili. A tsayar da su a tsaye a auna tsakaninsu a sama da ƙasa, sannan a kwantar da su a auna gaba da baya. Bambancin sama da ƙasa, da na gaba da baya, su ne za a nema a ƙarshen aiki. Idan kafin yanka sama ya fi ƙasa da milimita 10, bayan an gama ma 10 ake so, sai dai kowane awo ya ƙaru da 300.

Neman ƙarshen roba

A auna tsakiyar bututun a yi alama da alli. A huda rami mai faɗin milimita 6 ko 8 a gefen bututun, a kan alamar, domin nan ne za a yanka daga baya. A zura waya mai ɗan tauri ta nufi hagu har ta tokare, a riƙe wurin da ta tsaya a bakin ramin, a zaro a auna, a kuma yi haka ta dama. A mayar da awon a jikin bututun ta waje, a zagaye wurin da fenti mai haske yadda duk wanda ke garejin zai gani. A aksul ɗin Amurka mai birkin lantarki akwai wayoyin wuta da suka ratsa cikin bututun daga gefe zuwa gefe, a zare su tukuna, kuma ramin da suka bi yana iya isa a zura wayar awo.

Ƙa'idar da nake bi ita ce kada wata walda ta kusanci alamar fentin da ƙasa da milimita 250. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500, roba kuwa tana fara lalacewa tun kafin zafi ya wuce na tafasar ruwa da nisa, kuma bututun yana kai zafi gefe da sauri. A misalinmu, idan wayar ta shiga 400 a kowane gefe, ana da 150 na yin ɗauri, saura 250 na kariya. Idan kuwa aksul ɗin gajere ne har wayar ta tokare a 200, babu wurin walda. A irin wannan hali sai a yanka da zarto, a zura rabi biyun cikin bututun da ya fi su girma kaɗan, a ɗaure da manyan notuna ta gefe, ko kuma a haƙura da shi.

Kafa shi kafin yanka

Wannan mataki shi ne zuciyar aikin, kuma a nan ya kamata a kashe lokaci. Saman biraket biyun a layi ɗaya masana'anta ta walda su, saboda haka duk abin da ya riƙe su a shimfiɗe ɗaya ya riƙe saitin tayoyin. A sami doguwar bim ta ƙarfe mai kauri wadda aka tabbatar miƙaƙƙiya ce ta hanyar ja mata zare, ko guda biyu a jere idan ramukan biraket sun yi nisa da juna. A kifa aksul a kanta, biraket suna ƙasa, a huda ramuka daidai na biraket ɗin, a ɗaure da noti. Daga nan a auna milimita 300 daga ramukan gefe ɗaya zuwa waje, a huda wasu sababbi, a kan layi ɗaya da na farko ba tare da kaucewa ba. Bayan an yanka, rabi ɗaya yana nan a ɗaure, ɗayan kuma za a zame shi zuwa sababbin ramukan. Wanda ba shi da bim yana iya kifa sabon shasin kansa ya yi amfani da shi, matuƙar an tabbatar ba a murɗe yake ba, ta hanyar auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa.

Kafin yanka a ja dogon layi da abin zane a tsawon bututun, a saman da kuma gefe, ya ratsa wurin yankan. Layin ne zai tona asiri idan rabi ɗaya ya juya. Juyawar da ido ba zai gani ba a jikin bututu takan zama milimita da yawa a ƙarshen hannu, sai tirela ta tsaya a karkace, taya ɗaya tana ɗaukar fiye da rabonta.

A aksul ɗin Turai mai birkin turawa, wato wanda ke kamawa idan mota ta rage gudu tirela ta turo ta, akwai wani ɗan ƙarfe da aka walda a tsakiyar bututun wanda ke riƙe kebul ɗin birki biyu. A yanke shi a hankali a ajiye, domin za a mayar da shi a sabuwar tsakiya. Kebul ɗin kuma kowanne zai buƙaci ƙarin kusan 150, don haka a nemi masu tsawo tun yanzu, kada a ce za a ja tsofaffin da ƙarfi su kai.

Yanka da shirya ƙari

A yanka da zarton inji ko giranda mai siririn faifai, a miƙe, a bi layin da aka zagaya da sukwaya. Kada a yi amfani da wutar gas ko a ƙona shi da sandar walda, domin zafinsu ya yi yawa kuma bakin ba ya fita da kyau. Bayan an buɗe, a haska tocila ciki a tabbatar da inda roba take da ido, a kuma auna kaurin bangon bututun.

Ƙarin da za a sa dole ya zama siffa ɗaya da bututun, kaurin bangonsa kuma daidai ko ya fi kaɗan. Siririn bututun da ake ƙofa da taga da shi ba shi da wuri a nan, ko da faɗinsa ya yi daidai. Ga mai kusurwa 4 akan samu a kasuwa idan an je da guntun misali. Ga mai kusurwa 6 kuwa da wuya a same shi sabo, mafita ita ce a sayi mataccen aksul irinsa a yanko tsakiyarsa, ko a kai farantin ƙarfe wurin masu injin lanƙwasa a Sharaɗa ko Bompai su naɗe shi gida biyu a haɗa. Tsawon ƙarin ya zama 300, a ƙara kaurin abin da faifan yanka ya cinye, a cire gibin milimita 2 zuwa 3 da za a bari a kowace mahaɗa domin walda ta ratsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗaure rabi na biyu a sababbin ramukansa, a auna gibin da ya bayyana, sannan a yanko.

A zaftare bakin kowane ƙarfe da giranda a kusurwar digiri 30, yadda idan biyu sun haɗu za su ba da kwari. A shirya gajerun bututu biyu da za su shiga ciki, ɗaya a kowace mahaɗa, masu tsawon kamar 200, rabi a tsohon ƙarfe rabi a sabo. Su ne za su tare waldar farko ta baya, su kuma ƙara ƙarfi. Kada a sa guda ɗaya dogo mai matsewa da zai ratsa duka, domin zai tilasta wa rabi biyun miƙewa ya kashe ɗan tanƙwaran da ake son kiyayewa. A huda ramuka biyu masu faɗin 12 a gefen bututun waje a kowane ɓangare, waɗanda za a cike da walda su kama na ciki.

Yawancin aksul ɗin Turai an tsoma su a ruwan tutiya domin tsatsa. A goge tutiyar har ƙarfe ya fito fari, aƙalla milimita 40 daga duk inda wuta za ta taɓa. Tutiya tana sa walda ta yi ƙuraje, farin hayaƙinta kuma yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji bayan 'yan sa'o'i. Madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta hana wannan, abin da ke hanawa shi ne gogewa da kyau, aiki a fili, da tsayawa inda iska ke kore hayaƙin daga fuska.

Walda

A nemi sandar E7018, mai kaurin 2.5 domin zubin farko da 3.2 domin cikawa. E6013 da aka saba da ita a aikin ƙofofi tana da sauƙin kamawa, amma ba ita ta dace da ƙarfen da zai yi shekaru yana lanƙwasa yana dawowa ba. Ita E7018 ba ta son laima, saboda haka a buɗe sabon kwali, musamman da damina. Mai 3.2 tana son wajen amfiya 110 zuwa 130, kuma idan wutar unguwa ta yi ƙasa har sanda tana liƙewa, a tsaya a tayar da janareta mai ƙarfi, domin waldar da ba ta ratsa ba daga waje kyakkyawa ce. Wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, a maƙala ta a jikin bututun kusa da mahaɗa. Idan aka maƙala ta a hob, wuta za ta bi ta cikin boris ta yi masa tabo, ya fara kuka bayan 'yan kwanaki.

A naɗe bututun da tsummoki masu ruwa tun daga alamar fenti zuwa wajen 100 ta ɓangaren tsakiya, a sa yaro ɗaya aikinsa kawai jiƙa su da taɓa ƙarfen. Ma'aunin mai sauƙi ne: a kan alamar fenti dole tafin hannu ya iya zama ba tare da an janye shi ba. Da zarar ya gagara, a dakata. Ita waldar kanta kada a zuba mata ruwa, a bar ta ta huce da kanta, domin sanyaya ta farat ɗaya yana sa ta yi tauri ta tsage. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, ƙarfen da ya kwana a fili ya sha rana ya riga ya ɗauki zafi kafin a kunna inji, don haka a yi aikin da sassafe kuma a inuwa.

A fara da ɗigo a kusurwoyin kowace mahaɗa, sannan a ajiye inji a maimaita dukkan awon: hob zuwa hob, sama da ƙasa, gaba da baya, da layin da aka ja. Yanzu ne gyara yake da arha. Idan komai ya yi, a yi zubin farko a gajerun tafiya na kamar milimita 40, ana tsallakawa daga fuska zuwa wadda ke kallonta, daga mahaɗar hagu zuwa ta dama. Dalili shi ne walda tana tsukewa idan ta huce, ta jawo ƙarfe zuwa gefenta, wanda ya gama fuska ɗaya gaba ɗaya kafin ya koma ɗaya zai tarar bututun ya bauɗe ko da a ɗaure yake. A kankare ɓawon kowane zubi a goge da burushin waya kafin na gaba, a cike kwarin, sannan a cike ramukan gefe.

Yana da kyau a fahimci wahalar da mahaɗar za ta sha. Ƙasa tana tura tayoyi sama daga waje, shasi yana danna biraket ƙasa, saboda haka tsakiyar bututun tana son lotsawa, ƙasanta yana jan buɗewa, samanta yana matsewa. A aksul mai kilo 1,500, kowace taya tana ɗauke da 750 a nisan 225 daga biraket, kuma wannan ƙarfin lanƙwasa iri ɗaya ne a ko'ina tsakanin biraket biyun, ciki har da inda aka yi walda. Ƙara tsawo ba ya ƙara shi, amma dogon bututu ya fi gajere ba da kai, don haka tayoyin za su fi kwantowa ciki idan an yi lodi. Saboda wannan ne ake ƙara faranti a gefe biyu na bututun, gaba da baya, masu kauri kamar na bangonsa, waɗanda za su rufe ƙarin duka su hau tsohon ƙarfe da kamar 130 a kowane ɓangare. A fiƙe ƙarshensu kamar bakin mashi maimakon a yanke su a miƙe, domin ƙarfin ya shiga a hankali, a kuma guji yin wata walda da ta gitta ƙasan bututun ban da ta mahaɗa, domin daga irin wannan layin tsaga take farawa. A tuna cewa bakin farantin nan shi ne wuri mafi kusa da roba, a nan ne ya kamata a fi yin haƙuri da jira.

A bar aksul ɗin a ɗaure har ya huce sarai kafin a kwance. A sake awo. Idan bambancin ya kauce da milimita 1 ko 2 a kan sandunan 600, ana iya zama da shi, idan ya wuce haka gara a buɗe mahaɗa ɗaya a gyara da a yi ta sayen taya. Domin neman tsaga akwai tsohuwar dabara mai aiki: a shafa kananzir a kan waldar bayan ta huce, a bar shi ya jiƙa, a goge ƙarfen ya bushe, a shafa garin alli. Inda akwai tsaga ko rami, kananzir zai fito ya ɓata allin. Daga nan a mayar da mariƙin kebul a tsakiya, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da na sama.

Ɗora shi a shasi

Hannuwan suna kallon baya ne, ba gaba ba. Tsakiyar taya tana bayan bututun da tsawon hannun, saboda haka da tsakiyar taya ake lissafin wurin zama. Ga bodin da ake shimfiɗa kaya daidai, akan sa ta a wajen kashi 60 cikin 100 na tsawon bodi daga gaba, domin wani ɓangare na nauyin ya sauka a kan maƙalar mota. Tirelar da bayanta ya fi nauyi ita ce ke kaɗa wutsiya idan an yi gudu. Ga janareta ko injin iska kuwa, a nemi inda nauyin injin ya taru, a sa taya bayansa kaɗan.

Irin wannan aksul yana zuba dukkan nauyi da murɗa a ɗan gajeren wuri na shasi, saɓanin sifirin da ke raba shi gida biyu, don haka a ƙarfafa wurin da faranti, a kuma sa ƙarfen gicciye a kusa. A ɗaure da noti maimakon walda, mai lamba 8.8 a kansa ko sama da haka, M12, wato mai kaurin milimita 12, yana son matsi na wajen Nm 85 a ma'aunin ƙarfin matse noti, tare da noti mai kulle kansa. Kafin matsewar ƙarshe a auna daga tsakiyar maƙala zuwa tsakiyar kowane hob, bambancin kada ya wuce milimita 3. A bar aƙalla 75 tsakanin saman taya da madigad bayan an yi cikakken lodi, da kamar 30 tsakanin gefen taya da shasi. Jak kuma a ƙarƙashin shasi ake sa shi, ba a jikin bututun ba. Idan aksul biyu ne a jere, a sani cewa ba sa raba nauyi tsakaninsu kamar masu sifirin, duk lokacin da aka hau tudun rage gudu guda ɗaya ne ke ɗaukar kusan komai na ɗan lokaci, saboda haka tirelar ta tafi a lebur kuma kada a cika su maƙil.

Tunda faɗi ya ƙaru, a matsar da fitilun baya da madubin dare zuwa sabon gefe, a kuma tabbatar direba yana hango ƙarshen tirelar a madubinsa, domin jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, suna iya duba wannan, kuma shi ne ke tsare mai babur da ke biye da dare.

Gwaji a yi shi hawa-hawa. A fara ba kaya, a hankali, a kan titi marar cunkoso, wani yana biye yana kallon ko tirelar tana bin mota a miƙe. Sai rabin lodi, sai cikakke. Bayan kilomita 50 na farko a sake matse notin wili da na biraket, a taɓa hob a ji ko ya yi zafi fiye da kima, a leƙa mahaɗar da tocila a nemi layin tsatsa ko fentin da ya tsage. A auna tsayin shasi daga ƙasa a hagu da dama da kaya a kai, a rubuta, a maimaita bayan wata ɗaya, idan gefe ɗaya ya sauka, zafi ya taɓa robar wannan gefen, kuma aksul ɗin bai cancanci komawa titi da kaya ba. A buga sabon faɗin da watan da aka yi aikin a wani ɗan faranti, a ɗaure shi kusa da na kamfani ba tare da an taɓa adadin nauyin ba, domin duk wanda tirelar ta koma hannunsa ya san akwai mahaɗa biyu a tsakiya da ke buƙatar dubawa a ƙarshen kowace damina.